Barade da Dakaru a Ayari Ɗaya: Yadda Wani Gida a Birnin Damagaram Ya Gyara Hawansa

## Gidan da ayarinsa

Gidan yana cikin unguwar Birni. Mai shi bafade ne da ya gaji hawa daga kakanni, kuma kowace salla yakan fitar da ayarinsa ya bi sahun masu rakiya daga filin idi.

Ayarin kashi biyu ne, yadda rundunar yaƙi take tun asali. Kashi na farko barade, wato mahaya, su 14. Shida daga cikin dawakin na gida ne, suna barga duk shekara. Takwas aro ne, ana kawo su daga ƙauyuka kwana biyu ko uku kafin salla. Huɗu cikin baraden ƴan lifidi ne: doki da mahayi duk a lulluɓe da riga mai kauri da aka cusa wa auduga aka ɗinke, ga kwalkwali a ka. Kashi na biyu dakaru, masu tafiya a ƙasa, su 30: ƴan bindiga 8 masu harbin albarushi ba harsashi, ƴan baka da masu mashi da garkuwa 12, zagage masu tafiya tare da dawaki 6, makaɗa 4.

Gidan ba ya yin horo. Ranar jajibere ake taruwa, a raba kaya, a duba sirdi, shi ke nan. A kan hanya makaɗa ne a gaba, sauran kuwa a cakuɗe: ɗan bindiga yana tafe gefen doki, ya ɗura ya harba duk sa'ad da ransa ya so. An daɗe ana haka ba abin da ya faru, domin dawakin gida tsofaffi ne da suka saba da ƙara, na aron ma kusan su ne ake maimaitawa. A shekarar da matsalar ta taso an maye uku daga cikin tsofaffin da ingarmu ƴan shekara huɗu, biyar cikin na aro kuma ba su taɓa shiga gari ba.

## 1 ga Shawwal, shekarar farko

Wajen ƙarfe 10 na safe, cikin zafin bazara, ayarin ya shiga wani lungu mai faɗin mita 6, katangar ƙasa dama da hagu. Wani ɗan bindiga ya harba, tsakaninsa da cikin wani sabon ingarma bai wuce mita 2 ba. A cikin lungu ƙarar takan bugi bango ta dawo. Dokin ya miƙe da ƙafafun baya, ya karkata dama ya bangaji dokin lifidi. Wasu uku suka ƙwace suka yi gaba, suka faɗa cikin ƴan baka, waɗanda ba su da inda za su kauce.

Mutum ɗaya ya karye a hannu, biyu suka ƙuje. Wani barde ya faɗo saboda majayinsa, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi, ya yi sako-sako, sirdi ya juya. Tsumman da aka danne albarushi da shi ya fito da wuta ya sauka a kan lifidi, ba wanda ya lura. Auduga ba ta tashi da harshen wuta nan take, cin ciki take yi, sai bayan wasu mintoci wani zagi ya ga hayaƙi ya sheƙa ruwa. Fatar gindin dokin ta ƙone kamar faɗin tafin hannu.

## Shawwal zuwa Zulhajji: gwaji uku

Tsakanin ƙaramar salla da babba kwana 70 ne ko kusa da haka, a cikinsu aka gwada dabaru uku.

A mako na biyu na Shawwal aka ce dawakin taurin baki gare su. Aka je wurin maƙera aka sayo linzamai masu nauyi, aka sa zagi biyu-biyu riƙon kowane sabon doki. Linzamin gargajiya yana da zobe da ke kewaye haɓa da ƙarfe da ke tokarar hanƙa idan an ja. Yana tsai da doki cak, amma da zafi yake tsai da shi. A filin gwaji, da an harba sai mahayi ya fizgi linzami don tsoro, doki ya ji ƙara da zafi a lokaci ɗaya. Bayan harbi uku dawakin sun riga sun haɗa ƙarar bindiga da ciwon baki, suka ƙara miƙewa. Biyu suka ji rauni a baki, suka ƙi cin kirki har kwana huɗu. Zagagen kuwa jan su aka riƙa yi a ƙasa, don mutum biyu ba sa riƙe dabba mai nauyin kilo 350 idan ta firgita.

Farkon Zulƙida aka mai da ƴan bindiga can bayan ayari. Idanun doki a gefen kai suke, yana ganin kusan ko'ina ban da abin da ke daidai bayansa da abin da ke dab da goshinsa. Ƙarar da ta zo daga inda ba ya gani, gaba take kora shi, gaban nan kuwa ƴan baka ne. A harbin farko dawaki biyar suka yi kan masu tafiya a ƙasa. Da yake fili ne, kowa ya sami wurin gudu.

A ƙarshen Zulƙida da farkon Zulhajji aka yi taron kowa da kowa, Juma'a uku da la'asar, aka ce duk a yi tafiya da taki ɗaya. Takamar doki tana kai kilomita 6 a awa. Dakare mai bin kiɗa, yana rausaya, yana tsayawa ɗura bindiga, da ƙyar yake yin 4. In aka bar dawaki da takinsu, cikin minti 10 tazarar fiye da mita 300 ta buɗe. In aka danne su su bi takin mutane, sai su ƙosa, su riƙa tono da kofato, su cunkushe. Ingarmu kuwa idan suka matsu da juna, cizo da harbi ke biyo baya.

Ranar babbar salla maigidan ya hana harbi gaba ɗaya. Huɗu cikin ƴan bindiga suka ƙi fitowa. Ba wanda ya ji rauni, amma ayarin ya rabe biyu a hanya, barade suka isa suka tsaya jiran dakaru cikin rana.

## Muharram: tsohon ɗan barga

Cikin Muharram maigidan ya aika a kira wani dattijo da ya tashi a barga tun yana yaro. Dattijon ya nemi a fito da ayarin ya gani. Ya zauna a kan tabarma har aka gama bai ce uffan ba.

“Baba, me ka gani a dawakin nan?”

“Ranka ya daɗe, dawaki ba su da laifi. Runduna biyu gare ka, kake yi musu horo ɗaya.”

Abin da yake nufi tsohon ilmi ne a ƙasar nan. Ƙarfin barde a gudu da nauyi yake. Yana buƙatar fili don ya ɗauki sauri, da wani filin don ya tsaya, kuma aikinsa na ɗan lokaci ne, domin doki ba ya daɗewa cikin sukuwa, balle mai ɗauke da lifidi. Shi ya sa a da, a fagen yaƙi, aka saba ba barade hari, da leƙen abokan gaba, da zagayowa ta gefe, da bin sawun rundunar da ta karye. Dakare kuwa ƙarfinsa a tsayuwa da sahu yake. Shi ke tsaron ganuwa, shi ke hawanta, shi ke shiga sarƙaƙiya da tsakanin duwatsu inda doki ba shi da amfani. Ba fili yake buƙata ba, lokaci yake buƙata: ya ɗana kibiya, ya ɗura bindiga, maƙwabcinsa na sahu yana kare shi.

An ga haka a Tabkin Kwatto cikin Yunin 1804. Sarkin Gobir Yunfa ya zo da dawaki da ƴan lifidi, jama'ar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo kuwa yawancinsu ƴan baka ne a ƙasa, dawakinsu ƴan kaɗan. Ƴan baka suka tsaya ba su watse ba, rundunar Gobir ta karye. A nan gida, Sarki Tanimu, wanda ya yi sarautarsa ta biyu daga 1851 zuwa 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, ya tara bindigogi masu yawa, ya sa aka ƙera igwa a cikin garin. Ganuwa da bindiga da igwa duk kayan aikin mai tsayuwa a ƙasa ne, ya ƙara su a kan dawakin da Damagaram take da su. A Tirmini kuma, yamma da gari, cikin Yulin 1899, mahayan Sarki Amadu Kuran Daga suka tarar da sojan Faransa a sahu da bindigogi masu saurin ɗuri, ba su iya fasa sahun ba. Ko a sarautun ƙasar Hausa an raba aikin: Madawaki da Shamaki na wajen dawaki, Sarkin Baka da Sarkin Bindiga na wajen dakaru.

Akwai kuma bambancin ɗawainiya, wanda shi ya fi taɓa aljihun maigidan. Doki wata 12 yake ci, ko an hau shi ko ba a hau ba, kuma barde abu biyu ake horarwa a cikinsa, dabba da mahayi. Dakaren da kuwa sau da yawa manomi ne, sai an kai amfani gida ya ɗauki bakansa ya fito, shi ya sa yaƙi ya fi yawa da rani. Makonni kaɗan sun isa a koya wa dakare sahu. Doki sai an yi watanni.

Dattijon ya gindaya sharaɗi ɗaya: duk dokin da bai kwana mako 8 a bargar gidan ba, ba zai fita ranar salla ba. Maigidan ya yi lissafin abinci da ruwa, ya rage dawaki daga 14 zuwa 10, shida na gida da huɗu na aro.

## 1 ga Rajab zuwa tsakiyar Ramadan: horon dawaki

Aka fara da ciyarwa. A da, in azumi ya kama, tiya biyu ta gero ake zuba wa kowane doki a yini don ya yi ƙiba kafin salla, a bar shi a turke. Doki mai cike da hatsi ba motsa jiki zafin kai yake yi, ga hatsarin ciwon ciki. Sabon tsari shi ne harawa da busasshiyar ciyawa kilo 6 zuwa 7, gero tiya ɗaya a raba safe da yamma, dusa da ƴar kanwa a ciki, ruwa sau uku. Cikin zafi kowane doki yana shan kusan bido ɗaya da rabi, bido mai lita 25. Dawaki 10 ke nan bido 15 kullum, kuma duk wanda ya yi bazara a Damagaram ya san yadda famfo yake ɗaukewa. Sai da aka ɗauki mai amalanke guda musamman don ruwan barga.

Aka cire manyan linzamai aka koma ƙanana. Kowace safiya kilisa ta minti 40, takama da sassarfa, sau biyu a mako kuma ƴar gajeruwar sukuwa. Na aro suka iso 1 ga Sha'aban suka shiga layi.

Sabo da bindiga shi ya ci lokaci. Ana ɗaure dawakin a jere a wani fili bayan gari, tsohon doki mai natsuwa a tsakiya, a zuba musu gero. Suna cikin ci, mutum ɗaya ya harba daga nisan mita 150, a inda suke ganinsa. Harbi ɗaya ko biyu kawai a yini. Ba a matsowa sai ranar da aka harba duk suka ci gaba da tauna. Daga 150 aka zo 100, sannan 70, 50, 30, a ƙarshe 20. Ƙara ba ita kaɗai ke firgita doki ba, warin albarushi da farin hayaƙinsa ma suna yi, don haka aka riƙa ƙona ɗan kaɗan ta inda iska za ta kawo musu, aka rataye tsumma mai warin nesa kaɗan da wurin cin abinci.

A mita 50 wani ingarma ya tsinke igiya. Aka mai da shi 100 kwana huɗu, sannan aka sake matsowa da shi a hankali. Na aro, da yake sun iso a makare, an fara musu daga 150 su kaɗai, suka cim ma sauran a tsakiyar azumi. Bayan an kai 30 a ɗaure, aka sake komawa 100 da mahaya a kai. A nan mahayin ake koya wa darasi: in an harba ya zauna daram, ya saki hannu kaɗan, kada ya fizga, kada ya sa ƙaimi. In doki ya zabura, ya juya shi da'ira maimakon ya ja baya.

Doki ɗaya bai karɓa ba, wanda lifidi ya ƙone a kansa. Ko a mita 100 jikinsa rawa yake, gumi ya keto masa. Aka cire shi, saura 9.

## Tsakiyar Sha'aban zuwa 20 ga Ramadan: horon dakaru

Dakaru sun yi nasu daban, sau biyu a mako, da la'asar kafin azumi, bayan asham cikin azumi, ba doki ko ɗaya a wurin.

Ƴan bindiga suka sami jagora. Ba mai harbi sai jagora ya ɗaga sanda, kuma a jere ake yi, ɗaya bayan ɗaya, bakin bindiga sama. Aka daina zuba albarushi da ido daga gora: kowane harbi da ƙunshinsa da aka auna tun daga gida. Aka yi wa sandar ɗuri ta kowace bindiga alama, ta yadda in an zura ta alamar ba ta kai bakin bindiga ba, an san akwai ɗuri a ciki. Ɗuri kan ɗuri shi ke fasa bindiga a hannun mai ita. Wadda ta ƙi tashi, mai ita ya riƙe ta sama ya ƙirga 60 kafin ya taɓa.

Ƴan baka da masu mashi aka koya musu abin da ya saɓa da na yaƙi. A fagen fama dakare tsayawa yake gaban doki. A cikin gari kuwa, in aka ji “A ba da hanya!” sahun dama ya manne da bangon dama, na hagu da na hagu, tsakiya ta buɗe. An maimaita wannan har ya zama ba sai an yi tunani ba. Zagage aka sauke musu riƙon linzami, aka ba su aikinsu na asali: tafiya gaban kafaɗar doki inda yake ganinsu, duba majayi a kowace tsayuwa, biyu kuma su riƙe ruwa kusa da ƴan lifidi.

## 21, 25 da 28 ga Ramadan: haɗawa

Sau uku kawai aka haɗa su. Jerin shi ne ƴan bindiga a gaba, tazarar mita 25, makaɗa, ƴan baka da masu mashi, wata tazarar mita 10, sannan barade biyu-biyu da tsawon doki guda tsakanin kowane sahu, maigida shi kaɗai a tsakiya, ƴan lifidi a ƙarshe inda tartsatsi ba ya kaiwa.

Takin tafiya na dakaru ne, ganga ke ba da shi. Barade ba sa jan ƙafa a bayansu. Tsayawa suke yi cak har tazara ta kai mita 40, sannan su taho da cikakkiyar takama su cike ta, su sake tsayawa. Doki ya fi haƙuri da tsayuwa da tafiya a kan a danne shi yana tafiyar hawainiya. An zaɓi wurare uku na harbi, duk fili ne, an haramta harbi a duk lungun da bai kai mita 10 ba. Sukuwa sai a fili, bayan dakaru sun koma gefe, gudun mita 100 da ragowar mita 30 na tsayawa.

Daren 21 tazarar gaba ta rufe, yara ƴan kallo suka cika ta, makaɗa kuma suka riƙa matsowa. Aka ware biyu daga masu mashi su tsare ta da sanduna. Daren 25 iska ta juyo da hayaƙi kan dawaki, aka ƙara wa jagora doka ya duba iska da ƙura a hannu kafin ya ɗaga sanda. Daren 28 ba a sami tangarɗa ba.

## 1 ga Shawwal, shekara ta biyu

Dawaki 9 da dakaru 30 suka fita. An yi harbi a wurare ukun, bindiga ɗaya ta ƙi tashi a wuri na biyu, mai ita ya riƙe ta sama har jagora ya zo. Doki ɗaya na aro ya ja da baya taku biyu, mahayinsa ya juya shi ya dawo sahu. A lungun bara aka wuce da kiɗa kawai. Ba rauni ga mutum ko dabba, ayarin ya isa tare.

Kafin babbar salla, dawakin aro da suka koma ƙauye sai da aka yi musu tuni na kwana 10, daga mita 70 zuwa 20.

## Abin da lamarin ya nuna

Gwaji ukun farko sun faɗi ne don kowannensu ya ɗauki ayarin abu guda. Babban linzami ƙoƙari ne na tilasta wa doki tsayuwar dakare. Taki ɗaya ya hana doki saurinsa, ya kuma matsa wa mai ɗurin bindiga. Mai da bindiga baya canjin wuri ne kawai ba a taɓa tsoron dabbar ba, kuma shi ya fi hatsari cikin ukun, domin ya sa mutane a kan hanyar gudun doki. Laifin ranar farko ma ba na wanda ya harba ba ne shi kaɗai. Ba a taɓa gaya masa inda zai tsaya ba, kuma an kawo dawaki takwas da ba su san ƙara ba aka sa su cikin lungu.

Cikin abubuwan da suka yi aiki, sharaɗin mako 8 ya fi kowanne nauyi, don ba don shi ba da sabon da aka yi wa dawakin gida bai hana na aro tarwatsa sahu ba. Na biyu jagoran ƴan bindiga, wanda ya mai da harbi abin da mahayi ya san lokacinsa. Tazarar mita 25 da ta mita 10 sun taimaka, amma sun tsaya ne kawai da aka sa mutane tsaronsu. Cire dokin da ya ƙone daidai ne, ko da yake shi ya fi kyau a bargar.

Abin da bai warware ba shi ne kuɗi. Ciyar da dawakin aro huɗu wata biyu, da ruwan amalanke, ya fi abin da gidan ya saba kashewa a kan takwas na kwana uku. Maigidan yana son komawa 14, ƴaƴansa suna ganin 9 sun isa. Biyu daga cikin ƴan bindiga har yanzu suna ƙorafin cewa harbi uku a yini ya yi musu kaɗan, an ce za a duba ƙara wuri na huɗu a filin da ke bayan ganuwa idan hukuma ta amince.